Yadda ake sabunta injin tsohuwar motar Ingila

A ƙasar Ingila akwai mutane masu son tsofaffin motoci ƙwarai. In mota ta tsufa ba su jefar da ita. Sukan ajiye ta cikin ɗaki, su gyara ta, su riƙa fita yawo da ita ranar hutu. Cikin motocin da suka fi ƙauna akwai wata ƙarama mai suna MGB. Kujera biyu gare ta, ta direba da ta mutum guda. Gajera ce, cikinta kusa da ƙasa. Rufinta na tanti ne, ana naɗe shi baya in rana ta fito. Ba ta ɗaukar kaya, ba ta ɗaukar fasinja. Don gudu da jin daɗin tuƙi aka yi ta.

An daina ƙera MGB tun 1980. Ke nan wadda ta fi ƙuruciya cikinsu ta haura shekara 40. Injin da ya yi waɗannan shekaru yana aiki, dole ya gaji. Mai mota yana da zaɓi biyu: ko ya bar ta tsatsa ta ci, ko ya sabunta injin. Sabunta inji ya fi gyaran yau da kullum nisa. Ana fidda injin daga mota, a kwance shi ƙarfe-ƙarfe, a wanke, a auna, a canza abin da ya cinye, sa'an nan a sake haɗawa. Aiki ne mai cin kuɗi da lokaci. Kuskure guda yana iya ɓata shi duka cikin minti biyar.

1. Asalin motar

Haruffan M da G sun fito daga sunan wani garaji na garin Oxford, watau Morris Garages. Mai garajin shi ne William Morris, wanda ya kafa masana'antar motocin Morris. Cikin shekarun 1920 mai kula da garajin, Cecil Kimber, ya fara ɗaukar motocin Morris yana canza masu jiki, yana ƙara masu gudu. Mutane suka so su. A 1929 aka mai da aikin wani ƙaramin gari kusa da Oxford, mai suna Abingdon. Alamar motocin wani zane ne mai kusurwa 8, da haruffan MG a tsakiya.

MGB ta fito a 1962. An yi shekara 18 ana ƙera ta a Abingdon, har watan Oktoba na 1980, lokacin da aka rufe masana'antar. An ƙera fiye da guda 500 000. Mafi yawansu ƙasashen waje aka kai su, musamman Amurka. Saboda yawansu, har yanzu akwai masu ƙera kayan gyaransu sababbi. Wannan shi ya sa mai ƙaramin ƙarfi ma yana iya tayar da tasa.

Injin MGB ba na musamman ba ne. Dangin wani inji ne da ake kira B, wanda aka fara yi cikin shekarun 1950. An sa irinsa cikin motocin gida na Austin da Morris. Masu MG suka faɗaɗa shi, suka sa masa karbirato biyu, har ya ba da ƙarfin doki 95. Da wannan ƙarfi motar tana iya kai wajen kilomita 165 cikin awa guda.

2. Abin da ke cikin inji

Uwar inji wani babban dunƙulen baƙin ƙarfe ne na zubi. Makanikai suna ce mata bulok. Cikinta akwai ramu huɗu a jere, masu santsi kamar cikin kwalba. Kowane rami sunansa silinda. Faɗin bakin silinda milimita 80,26 ne. In aka haɗa cikin silinda huɗun, ana samun santimita kubik 1798, watau lita biyu ba kaɗan.

Cikin kowace silinda akwai fistan. Fistan yana hawa yana sauka kamar taɓarya cikin turmi. Tafiyarsa daga sama zuwa ƙasa milimita 88,9 ce. An ɗaura masa zobba na ƙarfe a wuya. Zobban sama suna hana iska kuɓucewa. Na ƙasa yana share man inji daga bangon silinda, don kada man ya hau sama ya ƙone.

Kowane fistan yana da hannu. Hannun ya kama wata babbar sanda mai gwiwoyi da ke kwance a gindin inji. Da Faransanci sunanta vilebrequin. Aikinta shi ne mai da hawa da sauka su zama juyi, kamar yadda ƙafar mai keke ke juya feda. Wannan juyi shi ke bi ta cikin giya har ya kai ƙafafun baya. Sandar ba ta gugar ƙarfe kai tsaye. Tana kwance bisa wasu ƴan matasai masu siffar rabin wata, waɗanda aka shafe da ƙarfe mai taushi. Injinan farko wuri 3 ke riƙe da sandar. Daga ƙarshen 1964 aka mai da su 5, don ta rage girgiza.

Bisa uwar inji akwai murfi mai nauyi, shi ne kulas. Cikinsa akwai ƴan ƙofofi 8 masu kama da laima, ana ce masu supap. Kowace silinda tana da biyu: ta shigar isansi da iska, da ta fitar hayaƙi. Mai buɗe su wata siririyar sanda ce mai tozaye 8, kamar tozon sa. In tozo ya zagayo, sai ya tura tsinken ƙarfe sama, tsinken ya danna supap ta buɗe. Sarƙa ce ke haɗa sanda mai gwiwoyi da sanda mai tozaye. In ta farko ta yi juyi biyu, ta biyu juyi guda take yi.

A can ƙasa akwai kaskon mai. Famfo yana tsotso man inji daga kasko, yana tura shi cikin ƴan hanyoyi da aka huda cikin ƙarfe, kamar jijiyoyi. Ruwa kuma yana zagaya silinda, ya kwashi zafi ya kai radiyato.

3. Motsi huɗu

Irin wannan inji yana aiki da motsi huɗu. Wani Bafaranshe, Beau de Rochas, ya bayyana dabarar a 1862. Wani Bajamushe, Nikolaus Otto, ya ƙera inji mai aiki da ita a 1876.

Motsi na farko, shaƙa. Fistan ya sauka, ƙofar shiga ta buɗe, iska gauraye da isansi ta cika silinda.

Na biyu, matsa. Ƙofofi biyun suna rufe. Fistan ya hau, ya matse iskar cikin ɗan wuri, har ta koma wajen kashi ɗaya cikin tara na girmanta.

Na uku, fashewa. Buji ya yi tartsatsi, isansi ya kama wuta, zafi ya kumbura iska, ta tura fistan ƙasa da ƙarfi. Wannan motsi kaɗai ke ba da ƙarfi.

Na huɗu, fitarwa. Ƙofar fita ta buɗe, fistan ya hau ya kori hayaƙi.

Silinda huɗun ba su fashewa tare. Suna yi bi da bi, kamar mata huɗu masu daka a turmi guda: ta 1, sai ta 3, sai ta 4, sai ta 2. In mota tana tafiya bisa hanya, sandar gindi tana iya yin juyi 3000 cikin minti guda. Ke nan kowane fistan yana hawa ya sauka sau 50 cikin daƙiƙa guda. Ƙarfen da ke irin wannan kai da kawowa shekara da shekaru ba makawa ya cinye.

4. Alamun gajiya

Makaniki na kirki ba ya gaggawar kwance inji. Sai ya duba, ya saurara, ya auna tukuna.

Da farko yana duban hayaƙi. Baƙin hayaƙi yana nuna isansi ya yi yawa, wannan kuwa gyaran karbirato ne kawai. Farin hayaƙi mai yawa wanda ba ya ɗaukewa yana nuna ruwa na shiga silinda. Shuɗin hayaƙi kuwa man inji ne ke ƙonewa. Ma'anarsa zobba sun cinye, ko bangon silinda ya faɗaɗa, ko mai yana zurarowa ta jikin supap.

Sa'an nan yana saurare. In aka ji bugu mai nauyi daga gindin inji, kamar ana dukan ƙarfe da guduma, matasai sun cinye. Akwai kuma agogo gaban direba mai nuna ƙarfin turin mai. In inji ya yi zafi allurar ta faɗi ƙasa sosai, mai yana tserewa ta inda ya yi sako-sako.

Daga ƙarshe yana cire buji, ya sa ma'auni cikin ramin, ya juya inji. Ma'aunin yana nuna ƙarfin matsar kowace silinda. Ya kamata huɗun su zo kusan daidai. In guda ta gaza, sai ya ɗiga ɗan mai cikinta ya sake awo. In awon ya ƙaru, laifin zobba ne, domin man ya toshe inda iska ke fita. In bai ƙaru ba, sai a tuhumi supap. In alamun nan sun taru, lokacin sabuntawa ya yi.

5. Kwancewa

Ana fara cire wayar batir, don kada wuta ta tashi. A tsiyaye mai da ruwa. A cire murfin gaban mota da radiyato. Sa'an nan a ɗaura ma inji sarƙa, a ɗaga shi da ƙugiya. Galibi tare da akwatin giya ake fiddo shi, daga baya a raba su. Injin ya fi buhun gero mai kilo 100 nauyi nesa ba kusa ba. Saboda haka ba wanda ke tsayawa ƙarƙashinsa.

A nan akwai wani abin lura. Motocin Faransa da na Japan da milimita aka auna notocinsu. Na MGB kuwa da inci aka auna su, awon Ingilishi. Inci guda milimita 25,4 ne. Sifana ta milimita tana kama notin inci sako-sako, ta cinye masa kusurwa. Dole makaniki ya nemi sifanu na inci.

Babbar doka wajen kwancewa ita ce kowane ƙarfe ya san wurinsa. Ƙarafa biyu da suka shekara 40 suna gugar juna sun saba da juna, kamar ƙafa da tsohon takalmi. In aka musanya su, sai su ci juna. Don haka makaniki yana ɗaukar kwali, ya huda ramu 8, ya rubuta 1 zuwa 8, ya soke kowane tsinke cikin raminsa. Haka yake yi ma supap. Hannun fistan da marfinsa lamba guda gare su. Marufan da ke riƙe babbar sanda ma ana yi masu shaida, don kowane ya koma mazauninsa, yana duban inda yake duba da. Notoci ana zuba su cikin gwangwanaye masu suna. Makanikan yanzu sukan ɗauki hoto da wayar hannu kafin su kwance kowane sashe.

6. Wanki da awo

Cikin tsohon inji akwai baƙin dauɗa mai kauri kamar kwalta. Hanyoyin ruwa sun cika da tsatsa. Ana tsoma uwar inji cikin ruwan magani mai zafi. Ana cire ƴan marufan da ke toshe hanyoyin mai, a zura siririn buroshi ciki, a hura da iska. In dauɗa ta saura cikin hanya guda, ranar da inji ya tashi mai zai kwaso ta ya kai ma sababbin matasai.

Bayan wanki sai awo. Ido ba ya ganin cinyewar inji, domin ƴar kaɗan ce. Ana amfani da ma'auni mai suna mikromita, wanda ke rarrabe kashi ɗaya cikin ɗari na milimita. Ana auna kowace silinda sama da tsakiya da ƙasa, a tsaye da a gicciye. Silinda ta fi cinyewa a sama, inda wuta take, kuma mai bai cika kai can ba. Sau da yawa farce yana jin ɗan tudu a bakinta, daidai inda zobe ke tsayawa. Ana auna wuyoyin babbar sanda, a ga ko har yanzu kewayayyu ne, ko sun zama kamar ƙwai.

Duk abin da aka auna ana rubuta shi cikin littafi. Sa'an nan a gwada shi da awon da masu ƙera motar suka bayar. Da wannan ake sanin abin da za a canza da abin da za a bari.

7. Faɗaɗa silinda

Injin Peugeot 404, wadda ta daɗe tana ɗaukar mutane bisa hanyoyin Nijar, yana da silinda masu cirewa. Faransawa suna ce masu chemise, watau riga. In rigar ta cinye, a zare ta a sa sabuwa. MGB ba ta da irin wannan riga. Cikin jikin uwar inji aka huda ramunta. Saboda haka sai an kai ta wurin masu injinan sassaƙar ƙarfe.

Can ake faɗaɗa kowace silinda kaɗan, har ta koma kewayayya sarai. Ana yi mataki-mataki: wajen milimita 0,25, ko 0,50, ko 0,75, ko milimita 1. Sa'an nan a sayo fistan masu girman da ya dace da sabon ramin. Mai hankali ƙaramin mataki yake zaɓa, in ya isa. Ƙarfen da aka sassaƙe ba ya dawowa, kuma wataƙila wani zai so sabunta injin nan gaba.

Bayan faɗaɗawa ana goge bangon da dutse mai laushi. Ba a son ya yi sulɓi kamar madubi. Ana barin ƴan siraran zane masu gicciye da juna. Cikin zanen nan mai ke maƙalewa, ya shafi zobba.

Wuyoyin babbar sanda kuwa rage su ake yi. A wasa su da dutse har su kewaye daidai, sa'an nan a sa matasai masu kauri don cike gurbin. Tsakanin wuya da matashi ana barin ɗan fili da bai wuce kaurin gashin kai guda ba. Mai ne ke cika wannan fili. In inji yana aiki, sandar bisa mai take yawo, ba ta taɓa matashi. In filin ya yi kaɗan, mai ba ya shiga, ƙarfe ya yi zafi ya kama. In ya yi yawa, mai ya tsere, bugu ya dawo.

8. Kulas da zancen darma

Kulas na MGB yana da wani hali. Silinda ta 2 da ta 3 hanya guda suke fidda hayaƙi. Don haka tsakiyar kulas ta fi ko'ina zafi, kuma nan ya fi yawan tsagewa. Ana bincika shi da kyau kafin a kashe masa kuɗi. Ana kuma aza masa miƙaƙƙen ƙarfe, a ga ko zafi ya tanƙwara shi. In ya tanƙware, a sassaƙe fuskarsa kaɗan ta miƙe.

Lokacin da aka ƙera MGB, ana zuba darma cikin isansi. Darmar tana taimakon inji. Tana kwanciya bisa mazaunin supap, ta zama kamar shimfiɗa tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Amma guba ce. Tana fita cikin hayaƙi, mutane su shaƙa, ta taɓa ƙwaƙwalwa, musamman ta yara. Saboda haka ƙasashe suka hana ta. Ingila ta daina sayar da isansi mai darma a gidajen mai a shekarar 2000. Ƙasar ƙarshe da ta daina ita ce Aljeriya, a 2021.

Lafiyar mutane ta samu, amma tsofaffin injina sun shiga matsala. In babu darma, supap ta hayaƙi tana cin mazauninta sannu a hankali, tana nutsewa cikin kulas, musamman in ana gudu mai tsawo. Maganin abin shi ne a sassaƙe tsohon mazaunin, a dasa zoben ƙarfe mai tauri a wurin. Guda 4 ake dasawa, ɗaya ga kowace silinda. Daga nan a sa ɗan garin wasa ƙarfe tsakanin supap da mazauninta, a murza ta da tafin hannu, kamar mai burga miya da maburgi, har su zauna da juna ba inda iska za ta bi.

9. Haɗawa

Ranar haɗawa ana share ɗaki, a rufe ƙofa saboda ƙura. Ƙwayar rairayi guda tana iya karce matashi. Ana wanke cikin silinda da ruwan zafi da sabulu, a goge da farin ƙyalle. Muddin ƙyallen yana fitowa da baƙi, ba a gama ba.

Ana fara kwantar da matasai, a shafa masu mai, a aza babbar sanda. Duk marfin da aka ɗaure, sai a juya sandar da hannu. In ta yi tauri, a tsaya a nemi dalili. Ba a ci gaba da fatan za ta saki daga baya.

Kafin a sa ma fistan zobe, ana tura zoben shi kaɗai cikin silinda, a auna tsagar da ke tsakanin bakinsa biyu. Ana son wajen milimita 0,3 zuwa 0,4. Dalili shi ne ƙarfe yana ƙaruwa in ya yi zafi. In babu tsaga, bakin biyu su haɗu, zobe ya karye, ya karce bango. Ana kuma juya zobban don tsagoginsu kada su jeru wuri guda. Fistan yana da shaida mai nuna gaba. Ana bin ta.

Sai sarƙa. Kowane faifai mai haƙora yana da ɗan ɗigo. Ɗigo biyun dole su dubi juna kafin a sa sarƙa. In aka kuskure ko da haƙori guda, ƙofofi za su riƙa buɗewa ba kan lokaci ba, inji ya rasa ƙarfi. Famfon mai kuwa sabo ake sawa, domin ran inji yana hannunsa.

Tsakanin uwar inji da kulas ana shimfiɗa wani faifai mai hana wuta da ruwa da mai gauraya. Sabo ake sawa kullum. Notoci 11 ke danne kulas. Ba a ɗaure su yadda aka ga dama. Daga tsakiya ake farawa, a riƙa zagayawa zuwa waje, kaɗan-kaɗan, sau biyu ko uku. Akwai sifana mai awo wadda ke nuna ƙarfin ɗauri. Notin kulas yana son ƙarfi kamar a rataya kilo 6,5 a bakin sifana mai tsawon mita guda. In bai kai ba, wuta ta sami hanya. In ya wuce, ƙarfe ya tsinke.

Daga ƙarshe ana daidaita ɗan filin da ke bisa kan kowace supap. A injinan farko milimita 0,38 ne, in inji yana da sanyi. Shi ma saboda ƙaruwar ƙarfe aka bar shi.

10. Tayarwa ta farko

Inji ya koma cikin mota. An zuba mai, an zuba ruwa. Amma ba a tayar da shi nan take. Ana cire buji huɗun, a juya inji da batir, ana duban agogon mai. Sai allura ta ɗaga, an tabbata mai ya kai ko'ina, sa'an nan a mai da buji.

Nan ne hankalin mai mota ke tashi. Aikin watanni da kuɗin da ya tara duk suna rataye ga wannan minti. In inji ya kama, ba a barinsa yana numfashi a hankali. Ana riƙe shi wajen juyi 2000 cikin minti, har kamar minti 20, don mai ya fantsama bisa sababbin tozaye su saba da abokan gugarsu. Mutum guda yana duban agogon mai da na zafi. Wani yana leƙen ƙasa, ko akwai ɗigo. In allurar mai ta faɗi, a kashe inji nan da nan.

Sai karbirato biyun. Ɗaya yana ciyar da silinda biyu na gaba, ɗaya biyu na baya. Dole su shaƙi iska daidai da juna. Tsofaffin makanikai da kunne suke awo. Sukan sa bakin tiyo guda a kunne, ɗaya bakin a bakin karbirato, su saurari shuu ɗin kowane, su riƙa murɗa har sautin ya zama ɗaya.

Kilomita 800 na farko a hankali ake tuƙi. Ba a taka mai har ƙasa, ba a kuma barin inji ya yi nishi bisa tudu. Cikin wannan lokaci zobba suke zama da bangon silinda. Bayan haka a zubar da man farko, domin yana ɗauke da garin ƙarfe. A sake ɗaure notocin kulas, a sake daidaita supap. Injin da aka yi ma wannan aiki da kyau, in ana canza masa mai kan kari, yana iya sake yin shekaru masu yawa. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

Injin MGB da na taksi da na injin ban ruwa na lambu duk motsi huɗun nan suke yi. Yaron garaji da ya iya wanki da awo da lissafi, ya kuma iya karanta littafin masu ƙera inji, zai iya sabunta kowane daga cikinsu.

Tambayoyi

1. Daga ina haruffan MG suka samo asali?
2. A wace shekara MGB ta fito, a wace shekara aka daina ƙera ta?
3. A faɗi motsi huɗu na inji bi da bi. Wane ne ke ba da ƙarfi?
4. Me shuɗin hayaƙi ke nunawa? Baƙi fa?
5. Don me makaniki ke soke tsinkaye cikin kwali mai lamba?
6. Mene ne bambancin silindar MGB da ta Peugeot 404?
7. Don me aka hana zuba darma cikin isansi?
8. Don me ake barin tsaga a bakin zoben fistan?

Lissafi

1. Cikin silinda 4 santimita kubik 1798 ne. Nawa ne cikin silinda guda?
2. Sanda mai gwiwoyi ta yi juyi 3000. Juyi nawa sanda mai tozaye ta yi?
3. A kowane juyi fistan yana sauka milimita 88,9, ya hau milimita 88,9. Mita nawa yake tafiya cikin minti guda, in inji yana juyi 3000 a minti?
4. Faɗin silinda milimita 80,26 ne. An faɗaɗa ta da milimita 0,50. Nawa faɗinta ya zama?
5. Inci guda milimita 25,4 ne. Noti mai rabin inci milimita nawa ne?

Aiki

A ziyarci wani garaji na gari tare da malam. A roƙi mai garaji ya nuna fistan da zobe da supap da buji. A tambaye shi sunan da yake kiran kowane. A zana su cikin littafi, a rubuta sunansu da Hausa da Faransanci.